Irin Kuɓewata

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki, ta daina kumburin? Ni dai an sallamo ni daga asibiti, an cire yanar idon, ina gani tar. Da na san abin da zan tarar, da na ce su bar mini yanata.

Kin san lambuna. Tun ina walda a bakin titi da injin haya na mallaki filin nan, kuma kafin in ɗora rufi sai da na shuka kuɓewa. Gajeriyar nan mai kauri, wadda ko an makara tsinka ba ta ƙosawa. Kowace shekara nakan zaɓi 'ya'yan fari na uwar da ta fi ƙarfi, in ɗaura musu tsumma, in bar su su bushe a tsaye har sai na kaɗa na ji ƙwayoyin suna amsawa. Haka na yi ta zaɓe har ta zama tawa ni kaɗai. Bana ruwa ya wanke shukar farko, na juye abin da ya rage a kwalba na sake shukawa. Wato duk irin da na mallaka yana tsaye a lambu ranar da aka kwantar da ni.

To, ɗan nan nawa, ɗanki Injiniya, ya ga busassun karare da tsummokara, ya ce datti ne. Ya kawo leburori suka tumɓuke, suka tara, suka cinna wuta. Aka ja kunyoyi a miƙe, aka dasa tumatir da latas da kabeji. Ranar da na dawo ya riƙo hannuna kamar makaho ya kai ni wurin, shi da matarsa suna murmushi, suna jiran godiya. Na tambayi kuɓewata, wai zai sayo mini wadda ta fi ta, a leda mai hoto.

Ban taɓa roƙon kowa komai ba, kin sani, ko mahaifinmu. Sai dai akwai irin da na ƙulla miki a takarda zuwanki na ƙarshe. In yana nan yana tare miki wuri, ki aiko.

Ki gaida mutanen gida.

Yayanki,
Mai Walda


Auta,

Ina gaisuwa. Ya jikin maigidan naki, an ce ya yi zazzaɓi? Allah ya ƙara sauƙi.

Wasiƙarki ta iso, nasiha shafi biyu, maganar iri layi ɗaya: kina dubawa. Kin ce yaro ne, don ya faranta mini ya yi. Na sani. Ai da mugunta ce da na san yadda zan yi da ita.

A gidan nan aka haife shi. Da kuɓewar nan ya yi ƙashi. Yana wucewa da jakar makaranta ina durƙushe ina ɗaura tsumma, shekara da shekaru, bai taɓa tsayawa ya ce Baba, wannan na mene ne ba. Ni na hana shi fartanya na ce ya riƙe biro, kuma ban yi nadama ba. Amma ido ma na hana shi ne?

Tunda za ki ji a bakin wasu, gara ki ji a nawa. An kawo mini latas ɗinsu a faranti, na ture. Na faɗa masa, a gaban matarsa, cewa duk abin da ke gidan nan akwai gumina a jiki, har takardar da yake taƙama da ita. Washegari na yi wa lambun ƙofar ƙarfe da hannuna, na sa kwaɗo. Ƙarshen wata suka kama haya a wata unguwa, suka tafi da jikata, wadda ita kaɗai ce ke riƙe mini bokiti.

Abin haushin, Auta, tumatirin nasa ya yi kyau. Har rassan na karyewa. Tela maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana yaba mini hannu, na ce masa ya kula da allurarsa. Ina ba su ruwa safe da yamma, don ba zan iya kallon shuka tana mutuwa da ƙishi ba, ko ta wane ce.

Ki ƙara dubawa.

Yayanki


Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Mu nan lafiya, in ana kiran ni kaɗai mu.

Saƙo ya iso hannuna jiya. Na gode da wahala. Na zuba irin a tafin hannu na fita rana. Auta, irin kanti ana shafa masa jan magani don ƙwari. Wanda ya wanke wannan ya yi ƙoƙari, ya shanya ya bushe sarai, amma jan ya maƙale a cibiyar kowace ƙwaya. Kuma nawa bai taɓa zama ƙanana haka ba. Ke ba ki san inda ake sayar da shi ba, don haka na san wanda ya saya, na san wanda ya ce ki ƙulla a tsohuwar takarda.

Da kin ce mini ɓera ya cinye, ko kin share da shara, da na yi fushin kwana biyu na haƙura. Amma kuka zauna, ke da Injiniya, kuka yanke cewa tsohon nan ba zai gane ba. Na farko ya yi ne cikin rashin sani. Wannan fa?

Ki daina nema. Kuɓewata ta ƙare, na karɓa.

Tumatir ya nuna. Zan tsinke shi tas, in cika kwanduna, in ba mai keke ya kai wa matar Injiniya, don nasu ne. Kabejin ma haka. Na riga na yi magana da magini, da zarar na kwashe na ƙarshe zai zuba wa wurin siminti daga katanga zuwa katanga. In Injiniya ya ga dama ya zo, zai sami inda zai ajiye motarsa.

Ki shafa mini kan yara.

Yayanki,
Mai Walda