Baba, Na Auna Katakon da Ya Kayar da Rufin

Assalamu alaikum Baba, tare da gaisuwa mai yawa. Inna da su Auwalu suna lafiya. Geron gonar bayan gida ya fara fitar da kai.

Ina aji ɗaya na sakandare yanzu, a makarantar da iska ta yaye wa rufi bara waccan. Ban manta ranar da Malam Sabo, abokin aikinka da kuka yi rufin tare, ya tsaya a ƙofar Mai Unguwa ya ce kai ka haɗa katakan a karkace ba. Daga nan ba wanda ya sake ba ka aikin rufi har ka kwanta ciwo. Shi kuwa har Tofa ake kiransa yanzu.

Makon jiya Malama ta koya mana alwatika mai gefe biyu daidai. Ta ce kusurwoyinta na ƙasa dole su zama ɗaya, kuma duka ukun su ba da digiri ɗari da tamanin. In ta sama ɗari da ashirin ce, saura sittin, kowacce talatin. Sai na tuna yadda kake cewa, “Katako biyu in ba su yi kai ɗaya ba, ɗaya ne zai ɗau kaya.”

Baba, tsofaffin katakan rufin, waɗanda aka haɗa kamar alwatika, suna nan jibge a bayan aji. Na san naka, domin kana buga ƙusa uku a jere a samansu. Na ari ma'aunin kusurwa na je da tsakar rana. Naka guda huɗu: talatin, talatin. Biyun da ba su da alamarka, wato na Malam Sabo, ɗaya kusurwar ta fi ɗaya. Na gwada da igiyar guga, gefe guda ya gaza da taƙi ɗaya. Su ne kuma suka tsage.

Ka san ni, ko sunana aka kira a aji sai kunya ta kama ni. Amma na faɗa wa Malama, ta je ta auna da kanta. Ranar Asabar akwai taron iyaye, ta ce ni zan hau allo in nuna musu awon. Ban yafe wa Malam Sabo ba, Baba. Ina so ya zauna a bencin gaba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Shi kuma Malam Sabo, Allah Ya ba shi lafiya ya kai Asabar.

Taka har kullum,
Hindatu