Tsingaro Na Arba'in Da Ɗaya

Lima, 3 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar? Ya su Inna Zoila?

Kin tuna tsingaron da garmar Baba ta tono a gona, wanda ya ajiye a buhu shekara da shekaru? Na haɗa shi! Guda arba'in, wata biyar ina liƙawa. Buta ce ta mutanen dā, mai baki biyu da mariƙi a tsakani. A jikinta an zana kan mutum, ido a rufe, wake yana tsirowa daga bakinsa.

Saura guda ɗaya, daidai kumatu, wanda Baba ke yawo da shi a aljihu. Don Allah ki aiko min. Ƙarshen wata shugaban ɗakin gyara na gidan tarihi zai duba aikina, daga nan ne zai ɗauke ni ko ya sallame ni. Mu uku ne, gurbi ɗaya.

'Yarki,
Yesenia

Nazca, 14 ga Mayu

'Yata,

Lafiya lau muke. Ƙafa tana nan da halinta, Zoila ma haka.

Wata biyar! Sannu da aiki, likitar tukwane. Shekara arba'in ina ginin tukwane, na san butar da ta suɓuce, na san wadda aka kashe. Dubi gindinta, za ki ga inda dutse ya sauka. Da gangan suka fasa ta, suka ba ƙasa don ta ba su ruwa. Kin zauna kin gyara abin da bai lalace ba.

Shi kuwa kan nan da aka zana, ubanki cewa yake ba abin tsoro ba ne. Mutum iri ne, in an binne shi gona ta ci. Kowace shuka sai ya shafa tsingaron kafin ya jefa wake.

Yesenia, guntun da kike nema ba ya wurina. Ranar da muka rufe akwatin gawar ubanki, ke kina hanya, na sa masa a hannu. Na kasa faɗa miki, na ga yadda kika rungumi buhun nan kina kuka.

Amma ba zan zuba ido aiki ya wuce ki ba. Aiko min da awon ramin. Ina da yumɓun rafi, zan gina miki wani guntun, in shafa launi kafin gashi yadda mutanen dā suke yi, in goge da dutse da maiƙon hancina. Wallahi shugaban naki ko da tabarau biyu ba zai gane ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Hermelinda

Lima, 1 ga Yuni

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wasiƙarki sau uku, na yi fushi, na yi kuka, har na ɗauko ma'auni na auna ramin. Na san hannunki, shugaban ba zai gane ba. Ni ce zan riƙa ganewa kullum.

Kada ki kunna wuta. Jiya na kai butar da raminta. Shugaban ya juya ta, ya tambayi ina sauran, na miƙa masa katin da na rubuta. Ya daɗe yana karantawa, ya ce in dawo Litinin. Ban san me zai ce ba, ina jin tsoro.

Ga abin da ke katin: "Masu ita ne suka fasa ta da gangan. Guda ɗaya yana hannun mai gonar."

'Yarki,
Yesenia