Kukan Keken Maman Kurciya

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki? Na ji an ce har yanzu kina hawa bene da ita kina cewa ba komai. Ki ji tsoron Allah ki sha maganinki, ni dai ba ni da wata yayar a ajiye, ke kaɗai kika rage min. Mu nan Alhamdu lillahi. 'Yan biyuna sun shiga sakandare, sun fi ni tsawo, sun kuma fi ni baki, kin ga kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Kawu ya warware daga zazzaɓin, har ya koma yin faɗa da rediyo. Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya a hannu. Na sha ɗaga wayar in kira ki ina ajiyewa, don na san halinmu: ni in fara kuka, ke ki katse ni da tambaya, a rabu ba a faɗi abin da ake son faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, Dogo ɗan Kawu zai miƙa miki hannu da hannu in ya iso.

Maganar Kurciya ce, 'yar marigayiya 'yar'uwarmu. Ta gama karatun kiɗan nan da muka yi ta yi mata tsiya a kansa. Ashe su ba jarrabawar takarda kaɗai suke yi ba. Duk ɗalibin da zai fita sai an shirya masa taro, ya hau dandamali gaban malamai da iyaye, ya gabatar da kiɗan da shi da kansa ya ƙirƙira, ba na aro ba. Nata iri biyu ne. Akwai wanda take kaɗawa da hannu da jitarta, akwai kuma wanda take haɗawa a kwamfuta: sai ta bi ta ɗauki sautin abubuwa da makirfo, ɗigar famfo ne, takun mutum ne, ta jera su ta saƙa har su zama kiɗa. Ni da ta fara yi min bayani dariya na yi, na ce to mu ma da muke wanke-wanke ashe makaɗa ne ba mu sani ba. Kiɗan ƙarshe kuwa, wanda za ta rufe taron da shi, na mahaifiyarta ne. Ta shekara tana gina shi a kan abu ɗaya tak, kukan keken ɗinkin marigayiya.

Kin tuna shi ai. Ƙar-ƙar-ƙar, sai ya ɗan yi ɗingishi ya ce ƙiii, sannan ya ci gaba. Tun daga bakin layi kana jinsa ka san matar gidan tana nan kuma lafiyarta lau. Kin tuna yadda take tsokanar mijinta, wai Injiniya mai gyaran kekunan ɗinkin duniya, na gidansa yana kuka. Shi kuma ya ce gobe zai duba. In goben ta zo ya ɗauko akwatin kayan aikinsa, sai ta kore shi ta ce ɗinkin mutane na kan keken, ya bari sai ta gama. Da aka haifi Kurciya kuma ba ta barci sai an kwantar da ita kusa da ƙafar keken, sai maganar gyara ta koma wasa tsakaninsu. Tun da Allah ya karɓi abarsa aka rufe keken da zane a kusurwar ɗaki, ba wanda ya iya taɓa shi. Kurciya ma ta kasa. Da ka ta rubuta kiɗan, tana jin kukan a kunnenta, tana ta ɗaga ranar zuwa ɗaukar sautin har taron ya matso.

Nan ne fa aka yi ta. Ta kira babanta ta ce tana zuwa ƙarshen mako, tana buƙatar keken Mama don taronta. Iyakar abin da ta ce ke nan, wai so take ya zama abin mamaki gare shi. Shi kuma kin san shi, ba ya tambaya, maganarsa ba ta wuce to da madalla. Uba da 'ya duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Bawan Allahn nan tun da yarinyar ta shiga makarantar bai taɓa gane abin da take karantawa ba, kunya ma yake ji in ta zo da ƙawayenta suna maganar da bai san kanta ba. Yau ga shi an nemi abin da ya shafi sana'arsa. Sai ya rufe shago, ya shimfiɗa buhu a tsakar ɗaki, ya kwance keken nan ɗaiɗai. Ya wanke, ya goge, ya sa mai, ya sake igiya, ya cire wani ɗan ƙarfe da ya cinye a jikin feda ya sa sabo. Tsohon kuma ya jefa cikin tarkacen shago, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo suka kwashe. Na je na tarar da shi yana wannan aiki, har na yi masa sannu, na ce yau dai Injiniya ya tuna da gida. Rashin sani ya fi dare duhu, Yaya.

Ina gidan ranar da ta zo, na je share musu ɗakuna. Ta shigo da jakarta, ta kafa makirfo a gindin keken, ta sa abin sauraro a kunne, ta ce a kashe fanka kowa ya yi shiru. Ta daɗe zaune a kujerar uwarta kafin ta ɗora ƙafa. Da ta taka, keken ya tafi sumul, ko tari bai yi ba. Ta tsaya, ta duba wayoyinta, ta sake takawa. Babanta na tsaye a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma, yana murmushi, godiya yake jira. Ta cire abin kunnen ta tambaye shi me ya yi wa keken. Shi kuwa ya shiga lissafa mata da alfahari. Wallahi ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a gabana irin ta yarinyar nan ba. Ta ce masa abu ɗaya ne ya rage na muryar uwarta a gidan nan, shi ma ya goge shi da tsumma. Ta ce shekara da shekaru matar tana raye bai gyara ba, sai yanzu da ba ta nan. Na daka mata tsawa na ce ubanta ne fa, amma magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Shi bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya dubi tsumman hannunsa ya ce ai alkawari ya yi mata, ya ce mata zai gyara. Daga nan ya fita. Ni ma na shige kicin na yi kukana.

Ta koma makaranta ba ta ko sha ruwa ba. Shi kuma ya shiga neman ɓata abin da ya gyara. Ka ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe ƙarar kekuna, yau shi ne yake roƙon keke ya yi kuka. Ya wanke man da kalanzir, ya sassauta noti, ya goge sabon ƙarfen da zarto don ya cinye. Ya bi masu tsofaffin ƙarafan har inda suke tarawa, ya tarar da tsibi ya fi gida tsawo, ya dawo hannu duk yanka. Keken ya yi kuka kam, amma wani kukan daban, na baƙo. Shi da kansa ya ce ba shi ba ne, ya mayar da komai daidai. Garin neman gira aka rasa ido. Na kira Kurciya na wanke ta tas, na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma laifin rabi nata ne da ba ta buɗe baki ta yi bayani ba. Sai ja min hanci take yi a waya. Abin da kawai ta ce shi ne a kawo mata keken makaranta yadda yake, kuma in zo da Baba. Da ƙyar na fito da shi ranar, cewa yake zuwansa ɓata mata rai zai yi. Sai da na ce in bai sa hula ya bi ni ba ni ma na fasa.

Zauren ba shi da girma, muna layi na uku. Kiɗanta na farko da jita ne ita kaɗai, mai sanyi, har wata mata a gabana ta lumshe ido. Na biyu na kwamfuta ne, ruwa na ɗiga, ƙofofi na buɗewa, ban gane shi duka ba amma malaman sai gyaɗa kai suke. Sannan aka turo keken tsakiyar dandamali. Yaya, ganinsa kawai a ƙarƙashin fitilun nan, da ɗan tabon dutsen guga a gefen katakonsa, ya isa ya karya mutum. Ta zauna ta fara takawa, sautin jitarta da ta ɗauka tun da farko yana fitowa ta lasifika yana bin tafiyar keken. Ƙar-ƙar-ƙar, sai komai ya ɗauke. Ƙar-ƙar-ƙar, sai ya sake ɗaukewa. Da farko mutane suka fara waige-waige, sun zaci lasifikar ce ta sami matsala. Ni na gane. Duk inda kukan nan ya kamata ya shiga ta bar wurin fayau, ba ta cike shi da komai ba.

Can sai na ji ƙiii a gefena, ƙasa-ƙasa. Na juya. Babanta ne, idonsa a rufe, hannuwansa a kan gwiwa, yana fitar da shi ta tsakanin haƙora. Bai san yana yi ba. Duk inda ta bar gurbi sai ya saka, da ɗan ɗingishin nan da komai, kamar marigayiya ce zaune a ɗakinta muna jiyo ta daga tsakar gida. Na kai hannu zan taɓa shi don mutane sun fara kallonmu, sai hannun ya ƙi. Kurciya ta ji. Ƙafarta ta tsaya cak, ta ɗago ta dube mu, sannan ta ci gaba da takawa hawaye na zuba kan katakon, ba ta share ba. Haka suka kai ƙarshe su biyu. Da aka gama aka fara tafi, shi kuma ya buɗe ido yana tambayata ko an gama ne.

Ta ci jarrabawar, Yaya, malamanta sun yaba ƙwarai. Ko riga ba ta canza ba ta sauko ta durƙusa gabansa ta ba shi haƙuri, shi ma yana ba ta, har aka rasa mai yafe wa wani. Sai ta jawo makirfonta ta roƙe shi ya sake yi mata ko sau ɗaya ta ɗauka, don na'urar makarantar dandamali kawai ta kama, nasa bai shiga ba. Ya gyara zama, ya gwada, ya sake gwadawa. Abin ya ƙi fitowa. Da ya san ana sauraronsa sai ya zama wani sauti na banza, shi kansa ya girgiza kai. Ta ce ba komai Baba, ta naɗe wayarta.

Yanzu an mayar da keken gida. Ita ta sami aiki a wani ɗakin ɗaukar sauti, tana leƙo shi in ta samu sarari, tsakaninsu lafiya lau. Shi ne dai abin tausayi. Ya rame, shagon ma rabin yini yake yi. Ranar nan na kai masa abinci da rana na same shi zaune a kan keken, ba zare ba ƙyalle, yana takawa a hankali ya karkata kai yana sauraro. Bai ji shigowata ba. Da ya gan ni ya ce da can ko keken na rufe ya san kukan yana ciki, in ya so zai iya ɗaga zanen ya ji, tsoro ne kawai ya hana shi. Yanzu ya ɗaga babu kowa.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ina wanki shekaranjiya abin ya faɗo min, har na saki bokiti. Marigayiya duk wanda ya kira ta, ko za ta aika wa saƙon murya, sai ta tsayar da ƙafarta, wai rashin ladabi ne a yi wa mutum magana ana ɗinki. Na bincika wayar Kurciya, haka ne, shiru a bayan muryarta. Ni kuwa muna kusa, ba ta aiko min, leƙowa take ta faɗa min a fuska. Wayar marigayiyar kuma ta lalace tun tana asibiti. Ke kaɗai ce ba ta tsayar wa keke, don hirarku ba ta ƙarewa, da ta tsaya da ba ta ɗinka ko hula ba. Na tuna kina mita kina cewa ta kashe wannan abin ba kya jin me take faɗa, ita kuma tana dariya tana ƙara wuta. Don Allah Yaya ki duba tsohuwar wayarki, ko wadda kika ba yara, ko wadda ke cikin durowa, ki nemo saƙonnin muryar da ta riƙa aiko miki. In ta mutu ki kai a tayar da ita, amma ki tsaya a kan mai gyaran, ki gaya masa da bakinki kada ya goge komai. Ban gaya wa Kurciya ko babanta na rubuto ba, kada in sa musu rai a banza.

Ki gaishe min da maigidanki, da 'yarki Likita in ta dawo daga aiki, da Auta, ki ce masa na ga hoton gemun, ya aske. Kawu na gaishe ki, 'yan biyu ma haka. Allah ya jiƙan 'yar'uwarmu, ya sa ta huta, ya ba mu haƙurin rashinta.

In kin samu, ko guntu ne, ko faɗa take miki a ciki, kada ki yanke komai. Kuma ba wa Kurciya za ki fara turawa ba, ita ta gama kiɗanta. Ki tura wa babanta.

Taki har kullum,
Ƙanwarki, Maman 'Yan Biyu.