Lambobin Baba

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da maigidanki da yara.

Takardar awon hawan jinin Baba ta wannan watan ta iso, kuma tun da na buɗe ta na kasa zama wuri ɗaya. Shayina ya huce a kan tebur, ɗalibai biyu sun ƙwanƙwasa ofis na ce su dawo gobe. Auta, shekara goma sha tara ke nan ina binciken lafiyar tsofaffi da yadda 'ya'yansu ke kula da su. Takardun awon da na karanta sun fi dubu uku. In mutum ya ƙirƙiri lambobi daga kansa, ina ganewa kamar yadda kike gane gishiri ya zarce a miya. Kwana talatin, safe da yamma, ɗari da ashirin bisa tamanin, ɗari da talatin bisa tamanin, kowace lamba ta ƙare da sifili! Jinin ɗan shekara saba'in da takwas ba ya tafiya haka.

Bara na sallami wani ma'aikacina kan irin wannan. In kin gaji da awon, ki faɗa mini gaskiya. Saura mako uku in gabatar da laccar zamana farfesa, a kan abin da nisan 'ya'ya ke yi wa jikin iyaye. An kama zaure, an raba katin gayyata, ba na son ƙarin tashin hankali.

Ki huta lafiya.
Yayarki


Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Kowa na amsawa. Sannu da aiki, Farfesa, ni ma a sallame ni mana, ai na huta.

Rabona da na'urar awon nan wata biyu. Baba ya karɓe ta, ya ce shi ba yaro ba ne, zai riƙa awon da kansa. Ni dai kwafe lambobin nake yi da kyau in aiko miki. Da wasiƙarki ta zo raina ya ɓaci, amma da safe sai na laɓe a bakin ƙofarsa. Ya ɗaura abin a dantse, ya danna, na'ura ta gama ƙararta. Ya kai ta dab da hancinsa, ya juya ta wajen taga, ya ajiye. Sannan ya laluba layi da yatsa ya rubuta lambar da ya haddace.

Yaya, ba ya ganin lambobin.

Ko karyawa ba mu yi ba na kai shi asibiti. Ɗari da casa'in bisa ɗari da goma. Likita ya ce jinin ya riga ya ci idon hagu, na dama saura kaɗan, kuma ya ƙi faɗa mini ko makonni ne ko watanni. Ina gidan nan tare da shi ban lura ba, ke kina can kika gane daga takarda. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

A mota na ce, "Baba, me ya sa?" Ya ce, "In lambobin sun yi kyau, yayarki takan yi dariya a waya, har mu yi hira. In sun yi muni, sai tambayoyi, kamar ina gaban alƙali."

Na faɗa miki, kin ji. Allah ya bar zumunci.
Auta


Auta,

Salam. Ki yafe mini, na yi miki ƙazafi.

Akwatina a buɗe yake a tsakar ɗaki tun jiya. Na zuba kaya, na kwashe, na sake zubawa. Sau biyu ina rubuta wa shugaban tsangaya a ɗage laccar, sau biyu ina yagewa, don in aka ɗage sai baɗi, kuma Baba ne ya fi kowa ɗokin ranar. Ina da shafi arba'in a kan iyayen mutane, ban san nawa uban ya daina gani ba. Na ɗauki waya in kira shi, sai na rasa abin da zan tambaye shi wanda ba lamba ba.

Tsoro nake ji, Auta. Tsoron in iso ya ji muryata kawai. Ki karanta masa wannan. Abin da ya ce shi zan yi.

Yayarki


Uwata,

Sallama da sa albarka. Ni nake faɗa, Auta na rubutawa, tana ta share hanci.

Ƙaryar tawa ce, kuma kin kama ni, ashe karatun bai tashi a banza ba. Ki yi laccarki, ban yarda a ɗage ba. Kina sauka daga mumbari ki taho, kar ki tsaya ɗaukar hoto.

Ki sa jan mayafi. Ja ne nake iya gani yanzu.

Babanki