Hoton Inna a Cikin Gilashi

Sokodé, 9 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Memounatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙalau muke, ruwa ya sauka, ƙafar Kawu Huseini ma ta yi sauƙi har yana takawa zuwa masallaci da kansa.

Ƙananan hotunan fim ɗin nan da marigayi Baba yake haska mana a bango sun iso daga Dapaong, na gode. Na sa su a na'urar da ke kwashe su zuwa kwamfuta, sai duk suka fito dishi-dishi. Kai, na sha haushi! Na kai wa tsoho Mahama mai hoto, ya yi mini dariya, ya ce na'urar wuri ɗaya tak take gani sosai, in fim ya hau ko ya sauka da kaurin takarda, shi ke nan. Na yanka kwalin sukari ina sakawa a ƙarƙashin hotunan ina ɗaga su kaɗan-kaɗan, sai ga tashar Cinkassé tar, har lambar mota ana karantawa. Ga ki nan a gefe kina kumbura baki, halin dai bai canja ba.

Guda ɗaya ne ya ƙi, na Inna, wanda ba mu da wani sai shi. Sauran a firam na kwali suke, shi kuwa saboda so Baba ya rufe shi tsakanin gilashi biyu. Ya yi kauri, fim ɗin kuma ya lanƙwashe ya manne a ciki. Mahama ya ce sai an ɓalle gilashin, amma fuskar tana iya biyo shi ta tafi gaba ɗaya. Wallahi tsoro nake ji, ban taɓa ba.

Yaya, shawara tana hannunki. In kin ce a bari, na bari. Amma ki tuna shekararki tara lokacin da ta rasu, ni watana huɗu. Ina ganin ɗankwalinta da hannun da ta riƙe ni da shi, fuskar ce kawai ba ta fito ba. Ke in kin rufe ido kina ganinta. Ni ba ni da inda zan duba.

Ki gaishe mini da maigida Malam Fousséni, da yara Khairiya da Awal. Matata Rachida tana gaishe ki. Ina jiran amsarki.

Ƙaninki,
Ridwan