Gyaren da Ya Ƙi Yi Miki Waƙa

Ya Bliya, furen kabewar gonar tudu, ruwan sanyin da ke ɓulɓulowa daga ƙirjin dutse, ranar da ke kore hazo daga kwarinmu! Ga gaisuwa daga mutumin da ƙauyenku kaf ke yi wa dariya.

Kin tuna bikin sabuwar shekara na bara, da muka jeru samari da 'yan mata muna jefa wa juna ƙwallon ƙyalle? Wane ne zai iya cafe ƙwallo alhali idonsa na kan wuyanki? Ya suɓuce min, kika karɓe ɗamarata kamar yadda aka saba yi wa wanda ya yar da ƙwallo, kika ce sai na fanshe ta da waƙa. Ni, da in na buɗe baki aladun gidanmu ke barin dusa su ruga daji! Na sulale na gudu. Har yau ɗamarata na hannunki, ga kuma Tong Pao, mai muryar nan da ke sa tsofaffi share hawaye, yana ta safa da marwa a ƙofar gidanku. An ce da an gama bikin bana zai turo manyansa.

Shi ya sa na hau dutse neman wakilin da zai rera miki a madadina. Na wuce gonakin masara, na wuce inda dawakai ke tirjewa, har can inda korayen gyare ke goga fiffike a kan fiffike duwatsu su amsa. Na kwari ai hayaniya kawai suke yi, na saman nan su ne mawaƙa. Matsattsaku suka sha jinina suka ƙoshi, ban damu ba. Na raina ƙanana, na zaɓo ƙato mai lanƙwasasshen takobi a bayansa, na ce ga namijin duniya! Na saƙa masa kejin gora, na rataye shi a bakin rufinku, kullum ina zuwa da yankan kabewa.

Kwana da kwanaki, rabin raina, bai ce uffan ba.

Sai kakarki ta leƙa kejin ta riƙe ciki don dariya. "Neng ɗan nan, me ka kawo mana? Ai mace ce! Wannan takobin da ya ruɗe ka, da shi take binne ƙwai. Maza ke kuka, ita saurare ne nata."

Babanki bai ko ɗago daga saran itacensa ba. "Ƙyale shi, Inna. Gara ita, ta san ta rufa wa kanta asiri."

Wannan duk na shanye. Abin da ya karya min zuciya shi ne da kakarki ta buɗe kejin. Wani ɗan firit ɗin namijin gyare na rera waƙarsa a cikin shinge, baiwar Allahn nan ta miƙe ɗoɗar ta nufe shi. Ko waiwayona ba ta yi ba, ni da na ciyar da ita! Haka za ki yi min, Bliya? Tsoro nake ji, tsoro na gaske.

Don haka na sallami wakilai. Ranar biki zan tsaya gabanki, gaban Tong Pao da dangi duka, in rera da wannan maƙogwaro nawa tun daga farko har ƙarshe. Yara za su toshe kunne, ke ma ki toshe, ba zan ji haushi ba. Kafin kakarki ta saki gyaren ta nuna min wasu 'yan ramuka a ƙasan gwiwar ƙwaron, ta ce da nan irinsu suke ji. To, ni ma gwiwoyinki kawai zan kalla. In na kai ƙarshe suna nan tsaye ba su gudu da ke ba, na samu amsata.

Naki har duwatsun nan su zama fili, ko kin tsaya ko kin ruga,

Neng