Kukan Bubayero kan Idon 'Yarsa ta Fari

Daga: Malam Bubayero Maiwada,
Rugar Maiwada, kusa da Balan, ƙasar Gaya.
Ta hannun: Abdulsalam Badaru, malamin firamare.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Kula da Ayarin Likitocin Ido Masu Zagayen Ƙauyuka, Gaya.

20 ga Maris, 1978.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: CIRE SUNAN KADIJATU BUBAYERO DAGA CIKIN WAƊANDA ZA A YI WA AIKIN IDO

Bayan gaisuwar ban girma da fatan alheri, Malam Bubayero, manomi mai ɗan kiwo, yana kawo kukansa gare ka. Bai iya boko ba, shi ya sa na riƙe masa alƙalami. Magana tasa ce, sai inda na kasa yin shiru.

1. Ran 9 ga Janairu na bana ayarinku ya sauka a ƙofar gidan dagacin Balan. Wata tsohuwa, Hure, ta kawo jikarta Kadijatu, 'yar shekara tara, wadda ciwon yanar ido ya rufe wa ido biyu. Likita ta duba ta ce za a iya yi mata aiki a Kano, amma sai uba ya amince. Aka nuna Bubayero yana zaune cikin jama'a, surukinsa Malam Datti yana gefensa a tabarma ɗaya.

2. Kadijatu 'yar fari ce. A wurin mutanensa uba ba ya nuna 'yar fari tasa ce a bainar jama'a, ba ya yanke magana a kanta, balle a gaban suruki. Wannan aikin wansa ne. Da tafintan likita ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce a tambayi manya. Tafinta ya ɗaga murya ya maimaita. Kunya ta rufe Bubayero, ya ce shi ba ruwansa da zancen yarinyar, ya tashi. Duk wanda ke wurin ya gane, har dattawa suna gyaɗa kai suna cewa ɗan Maiwada ya san ya kamata. Yana shan kwana ya zuba a guje zuwa fadama, inda wansa Barau ke shayar da shanu, don ya zo ya ce an yarda. Kafin su iso mota ta wuce Ajingi.

3. Ran 6 ga Fabrairu muka zo ofishinku. Akawu ya karanta mana abin da likita ta rubuta daga bakin tafinta, kalma ɗaya tak, “rejected”. Ya ce a ƙa'idarku wanda aka rubuta wa “declined” akan sake nemansa a zagaye na gaba, amma mai wannan kalma an gama da shi. Ranka ya daɗe, Turanci nake koyarwa, kuma ko 'yan aji shida nakan nuna musu cewa ƙi iri-iri ne. “Declined” ta wanda aka miƙa wa abu ne ya ce a'a cikin ladabi, kamar baƙon da ya ce ya ƙoshi, ai akan sake tura masa kwano. “Refused” ta wanda ya kafe ne ya ce ba zai yi ba. “Rejected” kuwa ta wanda ya duba abin ne ya raina shi, ya yi watsi da shi. Mutumin da ya yi gudu har ƙaya ta yage masa tafin ƙafa don a yi wa 'yarsa aiki bai raina aikinku ba. In dole ne a zaɓa masa ɗaya, ta farko ce ta ɗan yi kusa da shi. An tsallake ta, an tsallake ta biyu, an ɗora masa wadda ta fi nauyi.

4. Mai ƙorafi ba ya neman a hukunta tafinta. Ni da na so a ja masa kunne, don wanda zai yi tafinta a ƙasar Gaya ya kamata ya san mutanenta, ba bakinsu kaɗai ba. Amma Bubayero ya hana. Ya ce yaron sau biyu ya tambaye shi, kuma shi ne ya buɗe baki ya faɗi abin da ya faɗa. Na ce masa takardar ƙorafi ba wurin tuhumar kai ba ce, ya ce in rubuta haka nan. Tun ranar ya daina zama a majalisar da aka yabe shi, don yabon yana ci masa rai. Da na gama yi masa bayanin kalmomin nan uku, sai ya tambaye ni ko akwai wadda ake faɗa wa wanda ya hana wani abin da yake hakkinsa ne. Na ce akwai, “denied”. Ya ce to wannan ce tasa, a rubuta ta a gaban sunansa, a bar sunan yarinya ya huta.

5. Idon Kadijatu na hagu yanzu ko hasken fitila ba ya gani. Na dama yana rarrabe rana da inuwa, amma kullum baya yake yi. Yarinyar ba ta san abin da ya faru ba. Kakarta ta ce mata mota ce ta cika, ita kuma duk ƙarar da ta ji a hanya sai ta tambaya ko su ne suka dawo.

Saboda haka mai ƙorafi yana roƙo cikin ƙanƙan da kai a soke waccan kalma, a mayar da sunan Kadijatu tun damina ba ta rufe hanya ba. In zagaye ya yi nisa, a ba su takarda su kai ta Kano da kansu. In kuma doka ta ce sai an ji daga bakin uba, to a sake tambayarsa. Ya ce ko a tsakiyar kasuwar Gaya ne, ko surukinsa na zaune, zai ɗaga kai ya ce 'yarsa ce, a yi mata aiki.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Mai biyayya gare ka,
Bubayero Maiwada, da dangwalen yatsansa.
Mai rubutu: Abdulsalam Badaru.